Wace Rariya, Wane Girman Gida? Zaɓin Hanyar Fitar da Doron Ƙasa Daga Ɗige-ɗigen LiDAR

Jirgi mai ɗauke da na'urar LiDAR, wadda ke auna fili da hasken leza, ya gama shawagi, an miƙo maka fayil mai ɗige-ɗige miliyan 100 ko fiye, kowane ɗigo da inda yake da tsayinsa. A cikinsu akwai rufin gini, da ganyen bishiya, da wayar lantarki, da motar da ke wucewa, har da tsuntsun da ya gifta ta gaban leza. Kai kuwa ƙasa kake so tsurarta, wadda ruwa zai bi in an yi sama, wadda injiniya zai ɗora lissafinsa a kai. Shawara biyu ke gabanka: da wace rariya, wato hanyar tacewa ta kwamfuta, za ka ware ɗigon ƙasa daga sauran, sannan wane girman gida za ka ba ragar murabba'an taswirar da za ka zuba tsayin a ciki. Mutane da yawa suna ɗaukar kwana da kwanaki a kan ta farko, su yanke ta biyu cikin minti ɗaya. A ganina nauyinsu ɗaya, kuma kowace tana ɗaure da 'yar'uwarta.

Abin da za a auna kowace da shi

Rariya tana yin kuskure iri biyu. Na farko, ta ga ƙasa ta gaskiya ta ce ba ƙasa ba ce, ta zubar: sai ka tarar an aske ƙoƙuwar tudu, ko an rage kafaɗar hanya, ko gaɓar kogi ta zama gangare mai laushi. Na biyu, ta ga abin da ba ƙasa ba ta karɓe shi: rufin ɗakin ajiya ya zama tudu, duhuwar ƙananan itatuwa ta zama ƙuraje a fuskar taswira. Haka George Sithole da George Vosselman suka kasa su a gwajin da suka wallafa a 2004, inda suka gwada rariya 8 a kan samfuran fili daga Jamus, kuma har yau da wannan rabon ake magana. Matsalar ita ce in ka matse ɗaya, ɗayan ya kumbura. Don haka tambayar farko ba "wacce ta fi kyau" ba ce. Tambayar ita ce wane kuskure aikinka zai iya haɗiyewa. Mai lissafin ambaliya ba ya yafe wa rariyar da ta aske masa madatsar ruwa. Mai auna tsayin bishiyoyi kuwa bai damu da 'yar askewar gaɓa ba, muddin ba a ɗauki ganye a matsayin ƙasa ba.

Bayan wannan sai sauran ma'aunai huɗu: ko kyauta ce ko sai da lasisi, sauƙin saitawa, wato maɓallai nawa za ka murɗa kuma ko hankali na kama ma'anarsu, juriya, wato ko saiti ɗaya zai riƙe ka daga fili mai shimfiɗa zuwa tsauni ba tare da ya watse ba, da kuma irin haɗarin da ke ɓoye a cikinta.

Kafin a taɓa kowace rariya akwai shara da za a yi, kuma wanda ya tsallake ta, duk abin da ya biyo baya aikin baban giwa ne. Duk hanyoyin nan sun dogara da zato ɗaya, cewa ɗigon da ya fi ƙasa shi ne ƙasa. To ɗigo guda na banza da ya faɗa mita 10 ƙarƙashin fili, irin wanda ke fitowa in hasken leza ya daki gilashi ko ruwa ya karkace kafin ya dawo, ya isa ya haƙa maka rijiya a inda babu ita. A tsarin lambobin fayil ɗin LAS, wanda ake ajiye ɗige-ɗigen a cikinsa, 2 ita ce ƙasa, 7 ita ce irin wannan shara ta ƙasa, 18 kuma shara ta sama. Ka fara ware su zuwa 7 da 18, ka hana rariya ganinsu. Ka duba kuma ko awon fayil ɗin mita ne ko ƙafa, domin duk lambar tsawo da ka gani a saitin manhaja tana bin awon fayil ne, ba abin da ke ranka ba. In kana aiki yanki-yanki, ka ba kowane yanki rarar gefe da ta fi babbar tagar rariyarka faɗi, wato mafi girman filin da rariyar ke dubawa a lokaci guda. Manhajar lidR na farawa da mita 30. In ba haka ba, gini da ya faɗo a bakin yanki zai tsira.

Ragar alwatika mai cika sannu a hankali, PTD

Peter Axelsson ne ya bayyana ta a 2000, kuma ita ce ƙashin bayan aikin kamfanonin safiyo da yawa. Ana raba fili zuwa manyan gidaje, kowanne ya fi gini mafi girma faɗi, a ɗauki ɗigo mafi ƙasa a kowane gida a matsayin iri. A haɗa irin nan da alwatikai. Daga nan a riƙa duba sauran ɗige-ɗige ɗaya bayan ɗaya: in ɗigo bai yi nisa da fuskar alwatikarsa ba, kuma kusurwar da ya yi da ita ba ta wuce iyaka ba, a karɓe shi, a sake saƙa ragar, a sake zagayowa har sai babu mai shiga.

Maɓallanta uku ne masu muhimmanci. Girman gidan iri: a manhajar lasground ta LAStools ana farawa da mita 5, ƙaramin gari 10, birni 25, babban birni mai masana'antu 50. Kusurwa: littafin TerraScan ya ba da tsakanin digiri 4 da 10, ƙarami a fili mai shimfiɗa, babba a tsauni. Tazara: tsakanin rabin mita da mita 1.5. Agisoft Metashape ma da irin waɗannan maɓallan uku yake ware ƙasa.

Abin da nake so game da ita shi ne ba ta tilasta wa ɗige-ɗige shiga raga mai murabba'i tun farko. Da ɗigon gaskiya take aiki, shi ya sa take kyau a kurmi inda ɗigon ƙasa ke warwatse nan ɗaya can ɗaya. Rauninta yana bakin gaɓa da kan ƙoƙuwa. Tunda daga ƙasa take hawa, in ta iso gindin bango mai tsaye ko tudun hanya mai kaifi, kusurwa takan hana ta hawa, sai saman ya zauna ba a karɓe shi ba in babu iri a can. Ka buɗe kusurwar don ta hau, sai ta hau ciyawa da gindin katanga su ma. Akwai wani tarko kuma da ya zo da jirage marasa matuƙi masu zuba ɗaruruwan ɗigo a murabba'in mita: in ɗigo biyu na tazarar santimita 10, kuma rawar awo, wato ɗan kuskuren na'ura, ta sa ɗaya ya ɗara ɗaya da santimita 3, kusurwar da ke tsakaninsu ta kusa digiri 17. Ma'anar "digiri 6" ta canza ke nan gaba ɗaya idan alwatikai suka ƙanƙance. Maganin da aka saba shi ne a rage yawan ɗigon tukuna, a ɗauki mafi ƙasa a kowane ƙaramin gida, a tace wannan, sannan a dawo a karɓi duk ɗigon da ke kusa da fuskar da aka samu.

Ta fannin kuɗi, fitattun manhajojinta na lasisi ne. TerraScan na kamfanin Terrasolid na Finlan yana zaune ne a kan manhajar zane, kuma abin da kake saya ba rariyar kaɗai ba ce, har da kayan gyaran hannu, waɗanda a babban aiki su ne rabin tafiyar. lasground kuwa za ka iya gwada shi ba lasisi, amma in fayil ya wuce wani adadin ɗigo yana ɗan gurɓata sakamakon da gangan.

Taga mai girma: PMF da ƙanwarta SMRF

Waɗannan biyun gida ɗaya suka fito. Ana ɗora taga a kan fili, a maye kowane wuri da tsayi mafi ƙasa a cikin tagar, sannan a juya a maye shi da mafi sama. Duk abin da ya fi tagar siranta ya ɓace, abin da ya fi ta faɗi ya dawo yadda yake. Ana farawa da ƙaramar taga a kwashe motoci da ƙananan itatuwa, a yi ta faɗaɗawa har a kai gine-gine. A kowane mataki, in wuri ya faɗi fiye da iyakar da aka yarda, an san ba ƙasa ba ne.

PMF ta Keqi Zhang da abokan aikinsa ce, 2003. Tana nan kyauta a manhajojin PDAL da lidR. Gaskiya yau ba na ganin dalilin fara sabon aiki da ita, sai in an gaji tsohon tsari da aka gina a kanta. Tana ɗaukar cewa gangaren fili ɗaya ne ko'ina, kuma a tudu takan bar tabo kamar matakala.

SMRF ce ta gyara mata zama. Thomas Pingel da Keith Clarke da William McBride suka fitar da ita a 2013. Tagarta tana girma gida ɗaya-ɗaya maimakon tsalle, kuma bayan ta gina samfurin wucin gadi, sai ta dawo kan ɗige-ɗigen asali ta auna kowanne da iyaka mai sassauci: inda fili ya yi gangare, iyakar ta ƙaru. A PDAL tana zuwa da gida mita 1, gangare 0.15 (tashin santimita 15 a kowace mita), taga 18, iyakar tsayi 0.5, da maninki 1.25 mai ƙara iyakar a gangare. Yawancin lokaci gangare da taga kaɗai za ka taɓa.

A nan ya kamata a tsaya a yi lissafi, domin su biyun suna aiki ne tare. Tagar 18 daga tsakiya zuwa gefe ake ƙidaya ta, don haka za ta iya kwashe gini da siririn gefensa bai wuce kusan mita 36 ba. Tsawon ginin ba shi ne abin dubawa ba, faɗinsa ne. Iyakar faɗuwa a kowane mataki kuma ita ce gangare sau girman tagar: 0.15 sau 18 ya ba da mita 2.7. To a ce filinka na da tuddai, ka ɗaga gangare zuwa 0.5 don kada a aske su. Iyakar a babbar taga ta koma mita 9. Ɗakin ajiya mai faɗin mita 35 da tsayin mita 7 zai wuce salin-alin a matsayin tudu. Ka rage gangaren, tuddan su sha aski. Gaba kura baya sayaki. Mafita ba a cikin lambobi take ba: raba filin, ka tace ɓangaren gine-gine da saiti ɗaya, ɓangaren tuddai da wani.

Duk da haka, in aka ce in zaɓi ɗaya in rufe ido in sake ta a kan fili mai faɗi da ban gani ba, SMRF zan ɗauka. Tana da sauri domin a kan raga take yawancin aikinta, ana rubuta saitinta a ɗan fayil a maimaita shi a kan yanki dubu ba tare da hannu ba, kuma in ta yi kuskure, lissafi na nuna maka dalili. Wahalarta guda ita ce PDAL ba ta da fuskar dannawa. Umarni ake rubutawa.

Mayafin da ake jefawa, CSF

Wuming Zhang da abokan aikinsa suka kawo ta a 2016, kuma ta yi farin jini saboda ko yaro zai gane hotonta. A kife tarin ɗige-ɗigen, sama ta koma ƙasa. A saki mayafi daga sama ya faɗo a kai. Inda ya kwanta, nan ce ƙasa. Gine-gine da bishiyoyi sun zama ramuka, kuma taurin mayafin ya hana shi zurmawa ciki.

Maɓallanta: girman saƙar mayafin, taurinsa mai mataki uku (1 don tsauni, 2 don tuddai, 3 don shimfiɗa), da tazarar da za a karɓi ɗigo a matsayin ƙasa, wadda ake farawa da rabin mita. Akwai kuma zaɓin gyaran gangare da ake kunnawa in fili na da tsaye. Kyauta ce a manhajar CloudCompare, da PDAL, da lidR, kuma a CloudCompare kana ganin sakamako da idonka nan take, har kana iya fitar da mayafin kansa ka duba inda ya rataye.

Sauƙin nan ne ke ruɗar mutane. Da aka kife fili, ba gini kaɗai ya zama rami ba, ƙoƙuwar tudu ma rami ce. Mayafi mai tauri zai tsallake su duka biyun, mai laushi zai zurma cikin su duka biyun. Ƙanƙanta saƙa ma yana ƙara masa laushi ko da ba ka taɓa maɓallin tauri ba, abin da yawanci ba a lura da shi. Wanda ya mayar da saƙa daga mita 2 zuwa 0.2 don neman "ƙarin bayani" yakan tarar da rufin manyan gine-gine a cikin ƙasarsa, ga kwamfuta na nishi. Sai kuma rabin mitan nan: ma'anarsa duk abin da ke tsakanin rabin mita da mayafi ƙasa ne, har da ciyawa, da gindin bango, da tayar mota. Ga ɗige-ɗige masu yawa da tsabta, rage shi zuwa 0.1 ko 0.2 yakan fi, amma sai in mayafin ya kwanta sosai, in ba haka ba ka zubar da ƙasar gaskiya a gangare.

CSF ta fi kyau a fili mai shimfiɗa ko tuddai masu laushi, da ƙananan ayyuka na jirgi maras matuƙi. A kwazazzabo da gaɓa mai tsaye, ita ce ta farkon gajiya.

Akwai ta biyar da zan ambata a gurguje, MCC ta Jeffrey Evans da Andrew Hudak, 2007, wadda aka ƙera don dazuzzuka. Maɓalli biyu gare ta, tana da kyau ƙarƙashin bishiyoyi, amma tana da nawa kuma ba a yi ta don birni ba.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙin saiti | Juriya in fili ya canza | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| PTD | Fitattun manhajoji na lasisi | Matsakaici, tana son gwaninta | Mai kyau | Aske gaɓa da ƙoƙuwa. Ɗigon shara ya zama iri |
| PMF | Kyauta | Maɓallai masu ruɗarwa | Rauni | Matakala a tudu |
| SMRF | Kyauta | Lambobi biyu, amma da rubuta umarni | Mai kyau | Gini mai faɗi da gajarta ya tsira |
| CSF | Kyauta | Mafi sauƙi | Matsakaici | Rataya a gangare, haɗiye ciyawa |
| MCC | Kyauta | Sauƙi, sai dai nawa | Daji kawai | Manyan gine-gine |

Girman gida: ba son rai ke yanke shi ba

Da farko a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Gidan da rariya ke aiki da shi, kamar gidan SMRF ko saƙar CSF, daban yake da gidan taswirar ƙarshe. Kana iya tacewa da gida mita 1 ka fitar da taswira ta rabin mita, babu laifi, domin rariya ɗigo take warewa, taswirar kuwa daga ɗigon da aka ware ake gina ta.

Girman gidan taswira yana da daɓe da rufi, wato iyakar ƙanƙanta da iyakar girma. Daɓen shi ne yawan ɗigon ƙasa, ba yawan ɗigon da aka rubuta a takardar kwangila ba. Tazarar ɗigo ita ce 1 a raba da saiwar yawansu a murabba'in mita: ɗigo 2 na ba da kusan mita 0.71, ɗigo 8 na ba da 0.35. USGS, hukumar binciken ƙasa da taswira ta Amurka, a kan haka ta gina matakanta: mataki na QL2 mai ɗigo 2 ana fitar masa da taswirar mita 1, QL1 mai ɗigo 8 kuma rabin mita. Wato gida ya ɗan fi tazarar ɗigo girma. To a ce jirginka ya zuba ɗigo 20 a murabba'in mita, amma a ƙarƙashin kurmi ɗaya cikin 10 ne ya kai ƙasa. A can ɗigo 2 gare ka, ba 20 ba, kuma taswirar santimita 25 a wurin nan zane ne kawai na hanyar cike gurbi. Lissafi ma ya nuna haka: in ɗige-ɗige sun warwatse ba tsari, kuma matsakaicinsu ɗaya ne a kowane gida, kusan kashi 37 cikin 100 na gidajen fanko ne. In biyu ne, kusan kashi 14. In huɗu ne, ƙasa da kashi 2. Kafin ka yanke hukunci, fitar da taswirar ƙidayar ɗigon lamba 2 a kowane gida ka kalle ta. PDAL na yin wannan da zaɓi ɗaya.

In daga hotuna aka gina ɗige-ɗigen, ba daga leza ba, maganar ta fi haka tsanani. Kyamara ba ta ganin abin da ganye ya rufe. Komai yawan ɗigo, ƙarƙashin duhuwa babu ko ɗaya, kuma babu rariyar da za ta ƙago shi.

Rufin kuma shi ne ƙaramin abin da dole ya fito. Gida biyu ne mafi ƙaranci kafin a ce an ga abu, a aikace sai uku ko huɗu. Lambatu mai faɗin mita 1.5 yana son gidan rabin mita. A gidan mita 2 ya narke cikin maƙwabtansa. In daɓenka ya fi rufinka tsawo, wato bayanan ba za su iya nuna abin da ake so ba, gara ka faɗa wa mai aikin tun wuri, a je a auna lambatun da hannu a saka shi a matsayin layi.

Ƙanƙanta gida yana da farashi biyu. Ɗaya nauyi: raba faɗin gida biyu na ninka yawansu huɗu. Murabba'in kilomita a mita 1 gida miliyan 1 ne, kusan megabait 4 in ba a matse ba; a santimita 25 ya zama miliyan 16, megabait 64. Wannan mai sauƙi ne. Na biyun shi ne mugun: rawar awo ba ta raguwa don gida ya ƙanƙance. In kowane gida na da rawar santimita 5, bambancin maƙwabta biyu yakan kai kusan santimita 7. A gidan mita 1 wannan gangaren ƙarya ne na digiri 4. A gidan santimita 25 ya kusa digiri 16, a kan fili mai laushi kamar tafin hannu. Layukan tsayi su fito a murɗe, taswirar gangare ta yi kamar an watsa tsakuwa, ruwan lissafi ya maƙale a dubban ramukan da babu su. Shi ya sa taswirar mita 1 sau da yawa ta fi ta santimita 25 gaskiya, ko da yake ta biyun ta fi burge mai kallo.

Hanyar cike gurbi ma tana da ta cewa, amma ba zan daɗe a kanta ba. Ragar alwatika tana riƙe kaifin gaɓa kuma ba ta ƙago tsayin da ya wuce na ɗigon gaskiya, sai dai inda gini ya tashi takan bar manyan fuskoki masu kusurwa. Matsakaici mai nauyin kusanci yana da laushi amma yana yin 'yan da'irori kewaye da ɗigon da ke shi kaɗai. Ɗaukar ɗigo mafi ƙasa a kowane gida kuwa yana rage ragowar ciyawa, amma a gangare kullum yana sa taswira ta nutse ƙasa da gaskiya, kuma nutsewar na ƙaruwa da girman gida.

Yadda za ka san saitinka ya yi: yanki ƙarami ka ɗauka, wanda ya haɗa mafi girman gini, da mafi tsayen gangare, da mafi duhun itatuwa. Ka duba hoton inuwa da haske daga gefe biyu, ka yanka ɗige-ɗigen a tsaye ka kalli gefensu, ka canza lamba ɗaya tak a kowane zagaye. Wuraren gwaji da aka auna da GPS kada su taru a kan kwalta kawai. A can kowace rariya jaruma ce. Ƙa'idar USGS ma ta raba awon inganci gida biyu, na fili buɗaɗɗe da na cikin tsirrai.

Wa ya dace da me

Mai lissafin ambaliya da magudanan ruwa: abin tsoronka askewar madatsa da tudun hanya. Ɗauki PTD in kana da lasisi, ko SMRF da gangare mai ɗan sassauci, ka yarda wasu ƙananan itatuwa su tsira ka share su da hannu. Gida mita 1, rabin mita a cikin gari in ɗigo ya isa. Gadoji da kwalbatoci aikin hannu ne a kowace hanya. Leza na ganin saman kwalbati a matsayin bango da ya tare ruwa, sai ka yanka masa hanya da kanka.

Mai aikin daji da auna tsayin bishiya: PTD ko MCC, da ɗigon dawowa na ƙarshe, wato na ƙarshen abin da hasken leza ya taɓa bayan ya ratsa ganye. Gida mita 1 zuwa 2 ya wadatar.

Mai auna tulin yashi ko ramin haƙa da jirgi maras matuƙi: CSF a CloudCompare, tazarar karɓa ƙarama, gida santimita 10 zuwa 25. Ka tuna tulin da kake son aunawa "rami" ne a idon mayafi, don haka sau da yawa gara ka goge motoci da injuna da hannu ka bar rariya gefe.

Mai neman tsofaffin ganuwoyi da kufai ƙarƙashin itatuwa: aikinka ya fi kowa wuya, domin abin da kake nema shi ne ainihin abin da rariya ta ƙware wajen zubarwa. Sassauta saiti, ka haƙura da ƙuraje, gida rabin mita ko ƙasa da haka, kuma ka fitar da taswira biyu daga rariya biyu ka kwatanta.

Mai babban yanki, ɗaruruwan murabba'in kilomita, da ƙaramin kasafi: SMRF a PDAL, filin a kasa shi gida uku ko huɗu bisa yanayinsa, kowanne da saitinsa, gida mita 1. In birni ne mai manyan masana'antu, fara auna faɗin rufi mafi girma a hoton sama, ka raba shi biyu, ka ƙara mita 2 ko 3, ka sa wannan a matsayin tagarka.